Yadda Ake Zaɓen Bindigar Farauta Mai Sakata, Marar Nauyi Kuma Mai Sauƙin Kuɗi

Wannan bayani na ɗan'uwanmu ne da ke zaune a Amurka ko Kanada, wanda yake ganin abokan aikinsa suna ɗaukar hutu a watan Nuwamba, su shiga daji, su dawo da naman barewa da zai kai gidansu wata da watanni, shi ma ransa ya biya. A can farauta tana da tsari: akwai lasisi, akwai ranar buɗewa da ranar rufewa, akwai adadin dabbobin da aka yarda mutum ya harba. Bindigar da galibin maharban manyan namun daji suke riƙewa ita ce mai sakata. A gefenta akwai wani hannu na ƙarfe irin na sakatar ƙofa: ka ɗaga shi ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka sauke shi ya kulle. Tsohon tsari ne, tun daga Mauser ta Jamus ta 1898 bai canza sosai ba, kuma sauƙinsa ne ya sa bindigar ba ta cika lalacewa ba, tana riƙe saiti, farashinta kuma bai fi ƙarfin ma'aikaci ba.

Kowa yana son wadda ba za ta gajiyar da shi a tafiya ba. Sai dai duk giram ɗin da aka cire daga jikin bindiga, kafaɗarka ce za ta biya shi a lokacin harbi, hannunka kuma ya biya a lokacin saiti. Aikin da ke gabanka shi ne gano inda za ka tsaya.

Mataki na 1: Fara da doka kafin ka leƙa kanti

A Amurka ana sayen sabuwar bindiga ne a hannun dillali mai lasisin gwamnatin tarayya. Za ka cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, a binciki tarihinka a rumbun bayanan FBI, sau da yawa cikin 'yan mintoci. Dokar tarayya ta sa shekara 18 ga mai sayen doguwar bindiga, amma wasu jihohi irin su Florida sun ɗaga zuwa 21. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna da damar saye. Wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da doka ta yi, wadda aka fi sani ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki. Kada ka yi ƙarya a fom ɗin nan ko da a layi ɗaya ne, kada kuma ka saya wa wani da sunanka. Duka biyun manyan laifuka ne, suna kai mutum kurkuku, suna kuma lalata masa takardun zama.

Yawancin jihohi ba sa ba sabon maharbi lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. Yi shi tun kafin ka sayi komai, domin a nan za ka samu ɗan littafin dokokin jiharka, kuma littafin nan yana iya rushe duk wani zaɓi da ka yi a zuci. A Ohio da Iowa, alal misali, an taƙaita irin harsashin raifal da ake harbin barewa da shi, aka fi ba da dama ga mai miƙaƙƙen kwanso marar wuya, wanda ba ya cin dogon zango. Don irin waɗannan wurare kamfanin Winchester ya fito da .350 Legend a 2019. A Kaliforniya kuwa tun 2019 an hana farauta da harsashin dalma, sai na jan ƙarfe da makamantansa. A Kanada sai ka yi kwas ka samu lasisin mallaka da ake kira PAL. A Ingila 'yan sanda ne ke ba da takardar izini bayan ka nuna musu dalili da filin da za ka yi farautar, kuma ga manyan nau'o'in barewa doka ta ce faɗin harsashi kada ya gaza inci .240.

Mai karatu a Najeriya ya lura da wannan da kyau. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da sauran masu ɗuri ta baki suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisin Sufeto Janar. Raifal mai faɗin baki milimita 7.62 ko inci .300 ko .303 kuwa an lissafa ta cikin makaman soja da aka haramta, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Ba da lasisin ma an sha dakatar da shi saboda halin tsaro. Riƙe bindiga ba lasisi hukuncinsa ɗauri ne mai tsawo, haka nan aiko da ita ko harsashinta ko sassanta gida cikin kaya laifi ne a ƙasashen biyu.

Mataki na 2: Wace dabba, a wane daji, daga wane nisa

Amsa tambayoyin nan uku da gaskiya. Mafi yawan masu farawa barewa mai farin wutsiya za su nema, wadda babban namijinta yakan kai kilo 70 zuwa 100, a dajin da itatuwa ba sa barin a hango fiye da yadi 100 ko 150. Maharbin irin wannan daji yakan yi tafiyar 'yan mintoci daga mota, ya hau wani dandamali a kan itace ko ya shiga bukka, ya zauna jira. Wannan ba ya buƙatar bindiga marar nauyi sosai, domin zama ya fi tafiya yawa. Wanda zai bi ƙatuwar barewar nan elk a duwatsun Colorado ko Montana, yana hawa yana sauka daga asuba zuwa magariba, shi ne rabin kilo yake dama masa lissafi.

Mataki na 3: Zaɓi harsashi kafin ka zaɓi bindiga

Nan ne aka fi yin kuskure, nan kuma ya kamata ka fi daɗewa. Kowace bindiga an ƙera ta ne don nau'in harsashi ɗaya, an kuma buga sunansa a jikin bututunta. Shi ne zai ƙayyade ƙarfin shurin da za ta yi maka a kafaɗa, da kuɗin da za ka riƙa kashewa duk shekara, da irin dabbar da za ka iya kayarwa nan take.

.243 Winchester, wanda ya fito a 1955, yana cikin mafiya laushi a waɗanda ake harbin barewa da su. Shurinsa kaɗan ne, ya dace da matashi ko mace ko duk wanda bai saba ba, kuma da harsashi mai nauyin giren 95 ko 100 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) yana kayar da barewa sarai. Ya yi wa elk ƙanƙanta.

6.5 Creedmoor na kamfanin Hornady ne, ya fito a 2007, yanzu kuma babu kantin da ba a samunsa. Shurinsa ya ɗara na .243 kaɗan, iska ba ta cika karkatar da shi ba, kusan duk bindigogin araha suna harba shi da kyau. 7mm-08 Remington na 1980 ɗan'uwansa ne a aiki, ya ɗan fi shi nauyin harsashi, sai dai ba a ko'ina ake samunsa ba.

.308 Winchester na 1952 shi ne na kowa da kowa. Yana kayar da barewa da elk da baƙin beyar, ana samunsa a ƙauyen da ya fi kowane nisa, kuma harsashin gwaji nasa yana da araha. A bindiga mai matsakaicin nauyi shurinsa abin jurewa ne ga yawancin manya. A marar nauyi sosai yakan fara cizo.

.270 Winchester na 1925 da .30-06 na 1906 tsofaffi ne masu daraja, babu abin da za a ce sun gaza. Kwansonsu ya fi tsawo, don haka suna buƙatar dogon gidan sakata, wanda ke ƙara wa bindiga tsawo da ɗan nauyi, shurinsu kuma ya kai na .308 ko ya ɗara. Masu suna magnum, wato masu yawan albarushi da ƙarfin shuri, irin su .300 Winchester Magnum kuwa, ka bar su a kan kanta. Haɗa magnum da bindiga marar nauyi shi ne hanya mafi sauri ta lalata hannun sabon maharbi.

Ga abin da ke faruwa. In bindiga ta bugi mutum sau biyar ko goma ya ji zafi, jikinsa yakan koyi tsoronta ba da saninsa ba. Kafin ta tashi sai ya runtse ido, ya ɗaure kafaɗa, ya fizgi kunama, bakin bindiga ya sunkuya, harsashi ya sauka inda ba a nufa ba. A filin gwaji takarda kawai aka ɓata. A daji kuwa dabba ce za ta gudu da harsashi a ciki ko da karyayyar ƙafa, ta je ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar nan, kuma shi ya sa nake ba mai farawa shawarar 6.5 Creedmoor ko 7mm-08 in barewa ce kawai, .308 in yana da niyyar elk nan gaba. Ƙaramin harsashi a huhu ya fi babba a cinya nesa ba kusa ba.

Kafin ka yanke, shiga kantuna biyu ko uku na kusa da kai ka duba abin da ke jere a kanta da farashin kwali mai guda 20. Wanda ba ka gani ba, cire shi daga lissafi. Na farauta shi ne mai taushin kai ko mai ɗan tsinin roba, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki, irin su Core-Lokt na Remington ko Power-Point na Winchester. Wanda aka lulluɓe kansa duka da ƙarfe na gwaji ne kawai, yawancin jihohi sun hana harbin manyan dabbobi da shi.

Mataki na 4: Tsayar da nauyin da kake so, da lissafin komai

Nauyin da kamfani ke rubutawa na bindiga tsurarta ne. A Amurka da laba ake rubuta shi, laba ɗaya kuma giram 454 ce. Ɗauki wadda aka ce laba 6.5, wato kusan kilo 2.9. Ɗora madubin saiti, wato na leƙawa mai kusanto da abu, mai giram 350 zuwa 450, da zobban da ke riƙe shi wajen giram 100, da maratayi wajen giram 150, da harsashi huɗu wajen giram 100. Ka tashi da kilo 3.6 ko 3.7. Wannan ne nauyin da kafaɗarka za ta ɗauka, shi ne kuma ya kamata ka riƙa kwatantawa.

Ƙarfin shuri yana tafiya ne akasin nauyi. In harsashi ɗaya ne, ka rage nauyin bindiga daga kilo 4 zuwa kilo 3, shurin zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Sannan marar nauyi ba ta zama a hannu. In ka hau tudu kana haki, bugun zuciyarka kansa yana motsa ta, za ka ga alamar saiti tana rawa a kan dabba. Mai ɗan nauyi ta fi natsuwa.

A ganina tsurar bindiga mai kilo 2.8 zuwa 3.1 ita ce daidai, wadda da kayanta duka za ta tsaya tsakanin kilo 3.5 da 3.9. Abin daɗi shi ne a nan bindigogin araha suke, domin ƙotar roba da siririn bututu su ne hanyar rage kuɗi, su ne kuma hanyar rage nauyi. Sauka ƙasa da kilo 2.5 yakan buƙaci kaya masu tsada irin su zaren kabon da ƙarfen titaniyom. Mountain Ascent ta kamfanin Kimber ba ta kai laba 5 ba, amma kuɗinta ya ninka na bindigar farawa sau uku ko huɗu, harba ta da kyau kuma sai gwani.

Bututu mai inci 20 zuwa 22 ya wadatar ga .308 da danginsa. Duk incin da aka rage yana rage gudun harsashi da ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa, abin da barewa a yadi 200 ba za ta san da shi ba, amma gajeren bututu ya fi ƙara a kunne.

Mataki na 5: Raba kuɗin

Kada ka zuba duk abin da ka tanada a kan bindigar. A ce dala 1,000 gare ka. Ka ba bindiga 500 zuwa 550, madubi 200 zuwa 250, zobba masu kyau 50, maratayi da abin toshe kunne da kayan wanki 70, sauran ka sayi harsashi. Wanda ya sayi ta 950 ya ɗora mata madubin 50 ya yi asarar kuɗinsa, domin abin da ido bai gani da kyau ba hannu ba zai same shi ba. Lasisi da akwatin ajiya mai makulli lissafinsu daban.

Mataki na 6: Taƙaita zaɓi zuwa biyu ko uku

Savage Axis tana cikin mafi araha, galibi ƙasa da dala 500. In za ka saya, nemi wadda ke da kunamar AccuTrigger da ake iya sassautawa, domin kunamar Axis ta farko tana da tauri. Sakatarta tana da ɗan kaushi, ƙotarta tana da laushi, amma bututun Savage ya yi suna wajen saiti.

Ruger American ta fito a 2012, nauyinta laba 6 da 'yan kai, sakatarta tana ɗaguwa digiri 70 kawai, don haka hannunka ba ya gugar madubi. Kunamarta ana daidaita ta, kuma an zaunar da ƙarfenta a kan wasu ƙananan tubala na ƙarfe a cikin ƙota, abin da ke taimaka mata riƙe saiti. Ga mai ƙididdige kowace dala, ita zan fara nuna masa.

Mossberg Patriot da Winchester XPR duk sun fito a 2015, suna nan a wannan sahu, XPR ta ɗan fi nauyi. Howa 1500 ta Japan, wadda ita ce kuma ƙashin Weatherby Vanguard, ƙarfenta nagari ne ƙwarai, sai dai ta gama-gari tana kai laba 7.5, ta fita daga sahun marasa nauyi. Ga mai zaman bukka wannan ba aibi ba ne.

Tikka T3x Lite ita ce a saman wannan aji. Kamfanin Sako ne ke ƙera ta a garin Riihimäki na ƙasar Finland, nauyinta wajen kilo 3, sakatarta tana zamewa sumul, kunamarta tana karyewa tsaf ba ja. Ta fi Ruger tsada da 'yan ɗaruruwan daloli, gidan harsashinta na ƙari ma yana da tsada. In aljihu zai ɗauka ba tare da an tauye kuɗin madubi ba, ita ce wadda mutum zai riƙe har ya bar wa ɗansa.

Za ka ga ana sayar da wasu haɗe da madubi a farashi mai jan hankali. Araha ba ta ado. Bindigar takan zama lafiya lau, madubin da zobbansa ne aka tsuke wa kuɗi, kuma su ne ke fara sakin saiti.

Mataki na 7: Riƙe ta da hannunka

Kada ka saya daga hoto. Je kanti sanye da rigar sanyi mai kaurin wadda za ka sa a daji. Duk lokacin da aka miƙo maka bindiga, buɗe sakata ka duba da idonka cewa babu harsashi, ko da mai kanti ya duba a gabanka, kuma kada bakinta ya kalli kowa.

Fara da sanin idon da ya fi rinjaye a gare ka. Miƙa hannu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai gusa ba a cikinsa shi ne mai rinjaye, kuma a kafaɗar ɓangarensa ya fi kyau ka koyi harbi. Bahago ya nemi bindigar hagu. Tikka da Savage da Ruger duk suna yi.

Rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka ɗage kai kafin ka ga saiti, ba ta zauna maka ba. Tsawon ƙota daga kunama zuwa gindi yawanci inci 13.5 ne ko sama kaɗan. Gajeren mutum ko mai kaurin riga zai fi jin daɗin mai inci 12.5, wadda kamfanoni da yawa ke yi. Danna robar da ke gindinta da babban yatsa: mai laushi da kauri tana shanye shuri sosai, kuma a bindiga marar nauyi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nemi izini ka gwada kunama ba harsashi. Mai kyau tana tsayawa cak, sannan ta karye gaba ɗaya ba tare da ka ji tana jan ƙafa ba. Nauyin laba 3 zuwa 3.5 ya dace da farauta. Ƙasa da haka akwai haɗari in yatsa ya daskare da sanyi ko yana cikin safar hannu. Juya sakata sau da yawa bindiga tana kafaɗa. Taɓa makullin kariya ka ji ko babban yatsanka yana kai masa ba tare da ka saki riƙo ba, da ko yana ƙara in an tura shi, domin barewa tana jin ƙaramin ƙas daga nesa. Mai matsayi uku ya fi, saboda yana ba ka damar fitar da harsashi kunama tana kulle.

Daga nan zura takarda tsakanin bututu da gaban ƙota, ka ja ta har gindi. Ya kamata ta wuce ba ta maƙale ba. Matse gaban ƙotar da hannu ka ga ko tana lanƙwasa har ta taɓa bututu. In tana taɓawa da ɗan matsi kaɗan, wurin da harsashi ke sauka zai riƙa canzawa gwargwadon yadda ka jingina ta. Wannan ita ce babbar lalurar bindigogin araha. In daji mai ruwa da dusar ƙanƙara za ka shiga, ƙarin kuɗin ƙarfen da ba ya tsatsa ko mai fentin Cerakote ya cancanta.

Ta hannu ma hanya ce mai kyau, domin yawancin bindigogin farauta ba a harba su da yawa ba. Cire sakata ka haska cikin bututu ka duba tsatsa da ramuka, ka duba leɓen baki ko ya ɓantare, ka duba tsagewa a ƙota kusa da inda hannu ke riƙewa. In Remington 700 ce, duba lambarta, domin a 2014 kamfanin ya yi kiranyen waɗanda aka ƙera da kunamar X-Mark Pro daga 2006 zuwa 2014. Duk ta hannu da ka saya, kai wa maƙerin bindiga ya duba kafin ka harba.

Mataki na 8: Madubi

Mai lamba 3-9x40 ko 2-7x33, wato mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9 ko sau 2 zuwa 7, ya ishe ka har yadi 300. Manyan madubai masu kusanto da abu sau 18 ko 24 suna kai giram 700 zuwa sama, su cinye duk nauyin da ka biya kuɗi aka rage. Leupold VX-Freedom 3-9x40 bai kai giram 350 ba. Vortex da Burris ma suna da nagari a wannan farashi. Duba abu biyu: haskensa a lokacin almuru da ketowar alfijir, domin a lokutan nan barewa ke fitowa, da tazarar da yake bari tsakaninsa da ido, wadda kada ta gaza santimita 9. Bindiga marar nauyi tana dawowa baya da sauri, madubi mai gajeren tazara yana fasa gira. Ɗaure zobba da makunci mai awo gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Ɗaurewa fiye da kima tana matse bututun madubi ta lalata shi. A daji ka bar shi a ƙaramar lamba, 3 ko 4, ka ɗaga sai in dabba ta yi nisa kuma akwai lokaci.

Mataki na 9: Daidaita saiti, ka kuma gano iyakarka

Goge man kamfani daga cikin bututu. A filin gwaji sa abin toshe kunne, ya fi kyau ka haɗa na ciki da na waje, domin ƙarar raifal ta wuce desibel 150, harbi ɗaya yana iya rage ji har abada. Kwantar da bindiga a kan buhun yashi, cire sakata, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a yadi 25, sannan ka murɗa madubi ya zo wurin ba tare da ka motsa bindigar ba. Harba ɗaya ka gyara, ka koma yadi 100.

A nan ka riƙa harbi uku-uku, kana gyara daga tsakiyar ramukan ukun. A yawancin madubai murɗawa huɗu tana gusar da harsashi inci ɗaya a yadi 100. Siririn bututu yana zafi da wuri, in ya yi zafi kuma ramuka sukan warwatse, don haka bar shi ya huce tsakanin kowane uku. Harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne abin lura, domin shi ne za ka yi a daji. Gwada kamfanonin harsashi biyu ko uku, za ka ga bindigarka ta fi son ɗaya. In ukun suna taruwa cikin inci 1.5 ya wadatar. Saita shi ya sauka wajen inci 1.5 zuwa 2 sama da tsakiya a yadi 100, hakan zai sa .308 ko 6.5 Creedmoor ya faɗa daidai a wajen yadi 200. Sayi kwali biyu ko uku na wanda ta fi so, kuma duk ranar da ka canza harsashi ka sake saiti.

Sannan ka tashi daga tebur. Wurin huhu da zuciyar barewa, a bayan kafaɗarta, faɗinsa wajen santimita 20 ne. Manna farantin takarda mai wannan faɗi, ka harbe shi a zaune, da durƙuso, da jingine da sanda ko jaka, a yadi 50, sannan 100, sannan 150. Nisan da kake samunsa kowane harbi shi ne iyakarka a bana, ko da bindigar za ta iya ninka hakan. In ka ga kana runtse ido, sa abokinka ya riƙa loda maka yana cakuɗa harsashin gaske da na roba ba ka sani ba. Ranar da kunama ta faɗa kan na roba za ka ga yadda bakin bindiga ke sunkuyawa, daga nan gyara yake farawa. Gwajin kunama a gida ba harsashi, bayan ka duba sau biyu, yana taimakawa ƙwarai kuma ba ya cin ko sisi.

Ga musulmi, malamai da yawa sun halatta abin da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah lokacin harbi kuma harsashi ya huda ya zubar da jini, in kuma ka tarar da dabbar da sauran rai sai ka yanka ta. Don haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan fita, tare da rigar ruwan lemo mai ƙyalli da yawancin jihohi suka wajabta don sauran maharba su gan ka. In ka dawo gida ka fitar da harsashi, ka goge ruwa daga ƙarfe, ka shafa ɗan mai, ka kulle bindiga a akwatinta, harsashi kuma a wani wuri daban mai nasa makullin, inda yara ba za su kai ba. Kafin buɗe farauta ta gaba ka sake duba ɗaurin zobba da kusoshin ƙota, ka harba uku a yadi 100 ka tabbatar saiti bai gusa ba.